Shiga makarantar koyon kasuwanci: jarrabawowi, takardu da lokacin fara shiri

Daga watan Oktoba na kowace shekara ne manyan makarantun koyon kasuwanci da gudanarwa suke fara karɓar takardun masu neman shiga a Satumba mai zuwa. Wanda ya fara tunanin lamarin a watan Mayu ko Yuni ya riga ya makara, domin jarrabawar shiga kaɗai tana cin watanni uku zuwa huɗu na shiri, ga tattara takardu, ga neman tallafin karatu, ga biza in karatun a waje ne. Wannan bayani na matasanmu ne da ke Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Gana, Kodebuwa da Gabon, waɗanda wasunsu suka yi karatu da Faransanci, wasu da Ingilishi, kuma sau da yawa makarantar da suke nema tana wata ƙasa dabam da wadda ta ba su takardar haihuwa.

Ƙofofin shiga

Kafin a sayi littafi ko ɗaya, sai a san irin karatun da ake nema, don shi ne zai nuna jarrabawar da za a zauna.

Akwai karatun da ake shiga da bak ko takardar gama sakandare, mai shekara uku, huɗu ko biyar. A Faransa makarantu da yawa suna ɗaukar irin waɗannan ɗalibai ta gasar SESAME ko ta ACCÈS. Akwai kuma tsohuwar hanyar Faransawa, ta yin shekara biyu a ajin share fage bayan bak, sannan a zauna gasar BCE ko Ecricome. Wannan hanya tana da wuya ga wanda ba a cikin tsarin ya taso ba.

Ƙofar da ta fi dacewa da mafi yawan masu karanta wannan shafi ita ce ta masu lisans ko digirin farko: mastar ta gudanarwa, wadda Faransawa ke kira Programme Grande École, masu Ingilishi kuma su ce Master in Management. Ba a neman ƙwarewar aiki mai tsawo, kuma ba dole ne lisans ɗin ya kasance na tattalin arziki ba. Mai lisans na shari'a, na aikin gona ko na adabi yana iya nema. MBA kuwa wani abu ne dabam, ko da yake a bakin mutane sunan ya zama na kowane karatun kasuwanci. Na waɗanda suka riga suka yi aiki ne, aƙalla shekara biyu ko uku, kuma a manyan makarantu kamar INSEAD da ke Fontainebleau yawancin 'yan aji sun fi haka daɗewa a bakin aiki. Wanda ya gama jami'a bana ya tura takardunsa ga irin wannan shiri, kuɗin rajista kawai ya yi asara.

Sunayen da aka fi ji a Faransa su ne ESCP, wadda aka kafa a 1819, da HEC Paris ta 1881, da ESSEC ta 1907, wadda ke da reshe kusa da Rabat a Maroko. Amma ba sai an ƙetare teku ba. A Dakar akwai CESAG, wadda ke ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, kuma ta yi suna wajen karatun banki, kuɗi da binciken lissafin kamfanoni. A Yamusukro akwai makarantar kasuwanci ta cibiyar INP-HB, a Yawunde akwai Jami'ar Katolika ta Afirka ta Tsakiya, a Akara akwai GIMPA da makarantar kasuwanci ta Jami'ar Gana, a Najeriya kuma Lagos Business School. A lura da wani abu da ke rikita iyaye: ESSEC ta Duwala makaranta ce ta Jami'ar Duwala, suna kawai ya haɗa ta da ESSEC ta Faransa. Kowacce da gasarta da shaidarta.

TAGE MAGE

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, wannan ita ce jarrabawar da zai fi haɗuwa da ita. Gidauniyar FNEGE ce ke shirya ta. Tambayoyi 90 ne, kowacce da amsoshi biyar da za a zaɓi ɗaya, an raba su kashi shida, kowane kashi tambaya 15 cikin minti 20. Gaba ɗaya awa biyu, kuma ana ba da sakamako a kan maki 600. Ba a shiga da na'urar lissafi.

Kashi shidan su ne fahimtar rubutu, lissafi, tantance hujja, mafi ƙarancin sharaɗi, iya harshe, da gano tsarin jerin lambobi da haruffa. Babu tambaya ko ɗaya a kan kasuwanci. Lissafin ma bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, gudu da nisa, ma'auni mai harafi ɗaya ko biyu da ba a san darajarsu ba. Wahalar tana wajen lokaci, domin minti 20 a raba wa tambaya 15, kowacce daƙiƙa 80 ta samu. Ɗalibin da ya saba rubuta dogon bayani mataki-mataki kamar yadda ake so a bak zai ga an ce a ajiye alƙalami bai kai rabi ba.

Kashin mafi ƙarancin sharaɗi ya cancanci a tsaya a kansa, don babu makarantar sakandaren da ke koyar da shi, kuma irinsa yana fitowa a GMAT. Ana ba da tambaya da bayani biyu, abin da ake so a faɗa shi ne ko bayanan sun isa a samo amsa. Misali: nawa ne kuɗin buhun masara? Bayani na 1: buhu biyu na masara da buhu ɗaya na gero sun kama sefa 70,000. Bayani na 2: buhun gero ya fi na masara tsada da sefa 10,000. Na farko shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka, amma in aka haɗa su za a iya samun amsa. Nan ya kamata a tsaya a zaɓi cewa sai an haɗa biyun. Wanda ya ci gaba har ya gano cewa masarar sefa 20,000 ce, ya yi daidai, amma ya ɓata rabin minti a kan abin da ba a tambaye shi ba. Zaɓin amsa guda biyar ɗin ba sa canjawa daga tambaya zuwa tambaya, saboda haka a haddace su tun a gida.

Manyan makarantun Faransa kan so makin da ya haura 400, waɗanda ke bi musu suna karɓar ƙasa da haka. Yawan zaman da aka yarda wa mutum a shekara da tsawon lokacin da sakamako ke aiki, a karanta su a shafin jarrabawar da na makarantar da ake nema a shekarar da za a zauna, domin ƙa'idojin sukan sauya.

GMAT da 'yar'uwarta

GMAT da Ingilishi ake yin ta, a kan kwamfuta, kuma ƙungiyar GMAC ce ke da ita. An sauya mata fasali a ƙarshen 2023, tsohon tsarin kuma ya daina aiki a farkon 2024. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen tsofaffin littattafai a bakin titi ko karɓar na yayansa: babu sauran rubutun insha'i, babu sauran tambayoyin gyaran jimla. Yanzu kashi uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da hujja tambaya 23, nazarin bayanai da jadawali tambaya 20. Maki daga 205 zuwa 805 ne, kuma 645 na yanzu ya yi daidai da 700 na da. In wani ya ce shi da 700 ya shiga, sai a tambaye shi a wace shekara.

Kwamfutar tana bin sawun mai amsawa: in yana ci, tambayoyin su ƙara tsauri, in yana faɗuwa su yi sauƙi, makin kuma ya ragu. Saboda haka jin cewa jarrabawa ta yi zafi ba alamar faɗuwa ba ce. An yarda a koma a gyara amsa uku a kowane kashi in lokaci ya rage. Barin tambayoyi babu amsa a ƙarshe yana jawo asarar maki mai yawa, gara a yi hasashe a wuce. Sakamako yana aiki shekara biyar, ana iya zama har sau biyar cikin wata goma sha biyu, da tazarar kwana 16 tsakanin zama da zama. Kuɗinta ya kai wajen dalar Amurka 275 a cibiya, abin da ya sa ba jarrabawar da za a je gwaji ba ce. Gwajin a gida ake yin sa: shafin mba.com yana ba da cikakkun jarrabawowin gwaji guda biyu kyauta.

Akwai cibiyoyi a birane irin su Akara, Legas da Abuja, ana kuma iya yin ta daga gida ta intanet. Wanda ke garin da wuta ke ɗaukewa ko layin intanet ke yankewa, tafiya cibiya ta fi masa kwanciyar hankali ko da kuɗin mota ya ƙaru. In cibiyar tana wata ƙasa dabam da tasa, fasfo ne kawai za a karɓa, katin ɗan ƙasa ba ya shiga. Makarantu da yawa suna karɓar GRE a madadin GMAT, amma ita tana neman tarin kalmomin Ingilishi masu wuya, don haka ba ta cika yi wa ɗan makarantar Faransanci sauƙi ba.

Wacce za a zaɓa? Yawancin manyan makarantun Faransa suna karɓar ko wacce a matakin mastar. A ganina, mai Faransanci da ba ya nufin neman wata makaranta a wajen ƙasashen Faransanci ya tsaya a TAGE MAGE, ta fi araha, kuma a harshen da yake tunani da shi take. Ɗan Gana, ko ɗan Kamaru da ya yi tsarin Ingilishi, ko mai neman MBA, GMAT ce tasa.

Ban da waɗannan akwai shaidar harshe. Ana neman TOEIC, IELTS ko TOEFL ga Ingilishi, kuma sakamakonsu shekara biyu yake aiki. Mai zuwa daga tsarin Ingilishi zuwa karatun Faransanci kuwa za a nemi DELF B2, DALF C1 ko TCF.

Yadda ake shiri

A fara da zama jarrabawar gwaji cikakkiya, da agogo, tun ba a karanta komai ba. Makin zai ba da kunya, amma shi zai nuna inda ramin yake. Daga nan awa ɗaya da rabi kullum na wata uku ya fi awa goma a ranar Lahadi kaɗai amfani.

Watan farko na komawa tushe ne. A haddace jadawalin ninkawa har zuwa 20, da murabba'in lambobi har 25, da lambobin da ba sa rabuwa da ke ƙasa da 100, da matsayin kowane harafi a jerin abacada, domin kashin gano tsari na TAGE MAGE a kansu ya dogara. A saba da tarkon kaso: kayan da aka ƙara wa 20 cikin ɗari, sannan aka rage 20 cikin ɗari, bai koma farashinsa na farko ba, 100 ta zama 120, sannan ta zama 96. Abin mamaki, yaron da ya taso a rumfar mahaifinsa yana canja naira zuwa sefa da ka, yakan san wannan tun kafin a koya masa, sai dai in ya gan shi a rubuce da Faransanci ya ruɗe. Irin wannan ɗalibi karatun tambaya yake buƙatar ya gyara, lissafinsa lafiya lau yake.

Abin da na ga ya fi ɗaga maki a wajen ɗalibai shi ne littafin kurakurai. Duk tambayar da aka faɗi, a rubuta ta, a rubuta dalili: rashin sanin ƙa'ida ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar kalma. Bayan mako uku za a ga kuskure iri uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa. Ga ɓangaren harshe, babu abin da ya kai karanta doguwar maƙala ɗaya kullum a jaridar tattalin arziki, sannan a taƙaita hujjar marubucin cikin jimla biyu. A watan ƙarshe a riƙa zama cikakkiyar jarrabawa sau ɗaya a mako, a daidai lokacin da za a yi ta gaske, waya a kashe. Darussan kuɗi na masu shirya ɗalibai suna da amfani ga mai hali, amma mutum uku masu niyya da littafi ɗaya na bana suna iya yin aikin.

Gasar makarantun yankinmu ta ɗan bambanta. A nan akan haɗu da rubutun insha'i ko taƙaita rubutu, lissafi, Ingilishi da ilimin yau da kullum. Tsofaffin takardun gasar shekarun baya su ne babban makami, kuma ɗaliban da ke cikin makarantar su ne suka fi sanin inda ake samun su.

Dosiye

Makin jarrabawa yana sa a buɗe dosiyen mutum ne kawai. Abin da ke ciki shi ne sakamakon kowace shekara ta jami'a, shaidar digiri, taƙaitaccen tarihin karatu da aiki a shafi ɗaya, wasiƙar bayyana dalili ko amsoshin wasu tambayoyi, da wasiƙun shaida guda biyu.

Matsalar da ta fi damun mutanenmu na kan iyaka ita ce ta suna da ranar haihuwa. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, shaidar bak ta ce Mohamadou, fasfo ya ce Mohammed. Wani an rubuta sunan mahaifinsa a gaba a wata takarda, a wata kuma a baya. Wani hukuncin kotu ne ya tsaya masa a madadin takardar haihuwa, aka sa masa shekara babu rana. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin cibiyar jarrabawa yana iya hana shiga in sunan rajista bai yi daidai da na fasfo harafi da harafi ba, ofishin biza ma yana iya tsayar da dosiye. A jera takardun duka a tebur tun shekara guda kafin nema, a ɗauki rubutun fasfo a matsayin ma'auni, abin da ya saɓa a nemi takardar hukuma da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Gyaran yakan ci watanni. Takardun da ke wani harshe kuma sai mai fassara da kotu ta rantsar ya fassara su. Mai lisans na shekara uku da ke neman makarantar tsarin Ingilishi ya tambaya tun da wuri ko suna karɓarsa, don wasu digirin shekara huɗu suke nufi.

A wasiƙar dalili, masu tantancewa suna neman abu uku: me ka yi, me kake son yi, me ya sa wannan makaranta. Jimlar da ke cewa mutum yana son ya taimaki Afirka ta ci gaba, sun karanta ta sau dubu. Da yawa daga cikin matasanmu suna ɓoye abin da ya fi komai ƙarfi a tarihinsu, wai don ba aikin ofis ba ne. Wanda ya shekara uku yana riƙe littafin bashin shagon gidansu, ko yana raka motar albasa ko ta goro daga wata ƙasa zuwa wata, yana ciniki da Hausa, yana cika takardun kwastan da Faransanci, ya san abin da 'yan ajinsa za su karanta a littafi. Ya rubuta shi da adadi: buhu nawa, abokan ciniki nawa, wace matsala ta taso, me shi da kansa ya yi. Tarbiyyarmu tana sa mu ce "mun yi" ko a inda mutum shi kaɗai ya yi, amma a wannan takarda "na yi" ake so. Wasiƙar da aka kwafo daga intanet ko na'ura ta rubuta takan tonu a ranar ganawa, lokacin da aka nemi mai ita ya yi bayanin sakin layi na biyu.

Wasiƙar shaida kuma daga wanda ya ga aikinka ake karɓar ta, malamin da ya duba kundinka ko shugaban da ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Sa hannun ɗan majalisa ko wani babban mutum da bai san ka ba, ba ya ƙara komai. A ba mai rubutawa wata guda, domin yawancin makarantu shi suke aika wa saƙo kai tsaye ya cika da kansa.

Wanda ya tsallake wannan mataki za a kira shi ganawa, ido da ido ko ta bidiyo, wajen minti 20 zuwa 40. A shirya gabatar da kai cikin minti biyu, a san darussa biyu ko uku na makarantar da sunansu, a kuma bi labaran tattalin arzikin ƙasar da aka fito. Sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne a gida, amma a gaban waɗannan alƙalai ana ɗaukarsa rashin tabbaci. A gwada da wani malami ko aboki har kallon ido ya daina nauyi.

Kuɗi, biza da darajar shaida

A manyan makarantun kasuwanci na Faransa kuɗin shekara guda kan haura euro 15,000, wato kusan sefa miliyan 10, tun da euro ɗaya kusan sefa 656 ne. Akwai hanya mai sauƙi da ba a cika sani ba: makarantun IAE, waɗanda sassan koyon gudanarwa ne na jami'o'in gwamnati. Kuɗin mastar ta ƙasa ga baƙon ɗalibi a can bai kai euro 4,000 a shekara ba, kuma da yawansu jarrabawar Score IAE-Message suke nema, mai maki 400.

Tallafin Eiffel na gwamnatin Faransa makaranta ce ke gabatar da sunan ɗalibi, ba ya nema da kansa. Yana da iyakar shekaru, yana ba da kuɗin zama amma ba ya biyan kuɗin makaranta. Chevening ta Birtaniya tana neman shekara biyu na aiki, kuma tana da iyakar abin da take biya wa MBA. Makarantun da kansu suna rage kuɗi ga waɗanda suka burge su, kuma tun da zagaye-zagaye suke karɓar takardu daga kaka zuwa bazara, mai nema a zagayen farko ko na biyu yakan tarar da asusun bai ƙare ba.

Samun gurbi ba ya ɗauke wa mutum bin tsarin Études en France na Campus France, wanda ke aiki a Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Kodebuwa, Gabon, Gana da Najeriya. A shekarar 2025 ana neman shaidar euro 615 a kowane wata na kuɗin zama, wajen sefa 403,000, ban da kuɗin makaranta. Takardun banki na mai ɗaukar nauyi su nuna shige da ficen kuɗi na watanni, domin dunƙulen da aka zuba mako guda kafin ganawa yana jawo tambaya. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke cikin kaya da shanu ya fara ajiya a banki tun da wuri.

Kafin a biya ko sisi, a bincika darajar shaidar da makarantar ke bayarwa. A Faransa a tambaya ko shirin yana da amincewar ma'aikatar ilimi mai zurfi da matsayin mastar na ƙasa, abin da suke kira grade de master. Rajistar RNCP shaidar sana'a ce, ba daidai take da wannan ba, kuma wasu makarantu masu zaman kansu suna fakewa da ita a tallarsu. A ƙasashenmu masu Faransanci a duba ko hukumar CAMES da ke Wagadugu ta amince da shirin, musamman ga mai son aikin gwamnati ko ci gaba zuwa digirin dakta. A matakin duniya tambura uku ake dubawa, AACSB, EQUIS da AMBA, kuma kowace ƙungiya tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su a shafinta, inda za a iya tabbatarwa cikin minti biyar.